Gwanin da Ya Ɗura Aikinsa a Cikin Waya

Junaid Wahedna ya sha ba da labarin wani direban tasi da ya taɓa ɗaukarsa a birnin Niyok na Amurka, a lokacin yana aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi. Da direban ya ji sana'ar fasinjansa, sai hira ta ɓarke. Ya ce ya tara 'yan kuɗinsa, ba ya kuma son kuɗin ruwa ya gurɓata masa su, don haka ya je ya nemi shawarar limamin masallacinsu. Liman ya ce masa ya sayi hannun jarin kamfanin Apple, halal ne. Iyakar shawarar ke nan: gumin shekaru, a zuba shi a kamfani guda.

Wani zai ji wannan ya yi murmushi, wani ya ce Allah sarki, a wuce wurin. Kunnen wanda ya san harkar kuwa wani abu daban ya jiyo. Liman ya amsa tambayar da aka yi masa, wato halal ne ko haram, kuma bai yi kuskure ba. Tambayar da direban bai san zai yi ba ita ce mai haɗarin: nawa zan sa a nan, nawa a can, in kamfanin nan ya yi tuntuɓe ina zan dafa? Masu amsa irin wannan tambaya suna nan a birnin, a dogayen benaye, amma ba don mai tasi aka ajiye su ba. A 2015 Wahedna ya kafa kamfanin Wahed, a 2017 ya buɗe shi ga jama'a a Amurka, aka yi ta sauko da mafi ƙarancin abin da mutum zai fara da shi har ya dawo dala 100.

Mutane kan yaba wa irin su Wahedna da ƙarfin hali, wai sun bar albashi mai tsoka sun shiga duhu. To, akwai ƙarfin halin. Amma kasuwa cike take da masu ƙarfin hali da suka karye. Abin da ya fi burge ni shi ne wata gwaninta da ba a cika ambata ba: mutum ya zauna ya warware aikin da yake yi wa attajirai zare-zare, ya gane wane ɓangare ne yake buƙatar hankalin ɗan Adam da gaske, wane ne kuma lissafi ne kawai da ake maimaitawa a sanye da kwat. Sai ya miƙa wa kwamfuta na biyun, ya riƙe na farkon. Wanda bai taɓa zama a cikin gidan ba ba zai iya wannan tankaɗe da rairaya ba, domin daga waje komai kama da sihiri yake yi.

Ilimin da ake aiki da shi ba sabo ba ne. Tun 1952 Harry Markowitz ya nuna da lissafi cewa idan aka rarraba dukiya a kadarorin da ba sa tashi da faɗuwa tare, ana rage haɗari ba tare da an yi asarar riba daidai gwargwadon hakan ba. Aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1990. A 1976 John Bogle na kamfanin Vanguard ya fito da asusun da ba ya wahalar zaɓen gwarzon kamfani, sai dai ya sayi ɗan kaɗan daga kowane babban kamfani a kasuwa, da la'ada 'yar ƙarama. Abin da ya hana talaka cin moriya shi ne tsadar lokacin mai ba da shawara. Idan ladansa kashi 1 cikin ɗari ne a shekara, mai dala miliyan ɗaya zai kawo masa dala 10,000, mai dala 1,000 kuwa dala 10. Zaman da zai yi da su biyun kusan ɗaya ne. Ba sai an ce wa kowa wanda za a buɗe wa ƙofa ba.

Wahedna ba shi ya fara hango wannan ba. Jon Stein ya yi shekaru yana ba bankuna shawara a kamfanin First Manhattan Consulting Group kafin ya kafa Betterment a 2008, daidai lokacin da kasuwannin duniya suke rugujewa, ya buɗe shi a 2010. A Landan, Nick Hungerford, wanda ya yi aikin kula da dukiyar masu hali a Barclays da dillancin hannayen jari, ya fito da Nutmeg a 2012. Dukkansu daga ciki suka fito, kuma dukkansu abu guda suka fara yi: suka mayar da doguwar hirar nan ta ofis, mai shayi da kujerar fata, ta koma 'yan tambayoyi a fuskar waya.

Tsara tambayoyin nan aiki ne na wanda ya daɗe yana kallon idon abokin ciniki. Shekarunka nawa, nawa kake samu, yaushe za ka buƙaci kuɗin, duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar ita ce auna zuciya. Tambayi mutum ko yana iya jure asara, zai bugi ƙirji ya ce ƙwarai. Tsohon ma'aikacin ya san wannan bugun ƙirji na ranar da kasuwa ke lafiya ne. Don haka ba haka yake tambaya ba. Zai ce: ka sa dala 1,000, bayan wata uku ka duba ka ga 800, me za ka yi, sayarwa, ko jira, ko ƙarawa? Sannan ya gwada amsar da sauran. Wanda ya ce shi jarumi ne amma kuɗin na auren 'yarsa ne baɗi, manhaja mai hankali ba za ta biye wa jarumtarsa ba. Daga nan sai a ajiye kowa a ɗaya daga cikin 'yan rukunai kaɗan, daga na mai taka-tsantsan ƙwarai zuwa na mai iya haƙurin shekaru. Kamar tela ne da ya gaji da auna mutum ɗaya-ɗaya, ya zauna ya fitar da awo biyar ko shida da za su shiga yawancin jama'a. Ba za ta zauna cif kamar ɗinkin Alhaji ba, amma ta fi tafiya ba riga.

A nan ne aikin Wahed ya fi na takwarorinsa wuya, kuma a nan nake ganin ya fi cancantar a tsaya a duba. Kamfani irin Betterment ƙafa biyu yake tsayawa a kai: hannayen jari don haɓaka, takardun bashin gwamnati da na kamfanoni don kwanciyar hankali. Takardun bashin nan kuwa kuɗin ruwa ne tsagwaronsa. Ke nan mai son yi wa Musulmi aiki an sare masa ƙafa guda tun kafin ya tashi, ɗayar ma sai ya tsince ta.

Tsintar mataki biyu ce. Na farko a duba sana'ar kamfanin: banki da inshora na kuɗin ruwa, giya, naman alade, caca, taba, batsa, makamai, duk a fitar. Wannan ko ɗalibi zai iya. Na biyun shi ne ke buƙatar wanda ya iya karanta littafin kuɗin kamfani, domin kamfani yana iya sayar da abu mai tsarki alhali ya nutse a bashi mai ruwa. A ma'aunin FTSE, wanda asusun Wahed na Amurka yake bi, bashin kamfani kada ya kai kashi ɗaya bisa uku na dukkan kadarorinsa. Tsabar kuɗi da ajiyar da ke jawo ruwa su ma haka. Kuɗin shigar da ya fito ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya haura kashi 5 cikin ɗari. A ce ga kamfanin siminti mai kadarorin dala miliyan 100. In bashinsa miliyan 25 ne, ya tsallake. In ya ciwo sabon bashi don gina wata masana'anta ya kai miliyan 40, ya faɗi, ko da simintin bai canza ba. Dole a sayar da hannun jarinsa a bita ta gaba. Shi ya sa tantancewar ba ta ƙarewa, ana sake ta lokaci-lokaci muddin asusun yana raye.

Ɗan abin da ya rage ma ba a haɗiye shi. Idan kashi 3 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani daga ruwan ajiyar banki ya fito, kuma rabon ribarka dala 100 ne, to dala 3 ba taka ba ce, sadaka za ka fitar ba da niyyar neman lada ba. Da can sai mai akanta ne zai iya wannan lissafi. Yanzu kamfani ya lissafa ya aiko maka.

Ya kamata a faɗa, ba kowane malami ne ya gamsu da waɗannan ma'aunai ba. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain kashi 30 ta sa, kuma da darajar kamfani a kasuwa take aunawa, ba da kadarorinsa ba. Akwai kuma malaman da suke ganin ko ƙwayar ruwa ta shiga an bar wurin. Wannan saɓani ne na masu ilimi, ba kuma manhaja ce za ta raba shi ba. Abin da ake nema daga mai kamfani shi ne ya bayyana ma'aunin da ya bi da malaman da suka sa hannu, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Wani abin ban sha'awa: da zarar an fitar da bankuna da kamfanoni masu tulin bashi, abin da ke saura a sama yawanci kamfanonin fasaha ne da na magunguna. Da Wahed ya fito da asusunsa mai suna HLAL a kasuwar Nasdaq a Yulin 2019, sai ga Apple ɗin nan na liman a sahun gaba na abin da asusun ya riƙe. Bambancin shi ne yanzu yana tare da ɗimbin wasu kamfanoni. Duk da haka nauyin ya karkata wajen fasaha, kuma ranar da wannan ɓangare ya yi atishawa irin waɗannan asusu sukan fi jin sanyi. Mai gaskiya yana faɗa wa abokin cinikinsa hakan.

Ƙafar da aka sare kuwa da sukuk da zinare aka maye ta. Mai sukuk ba bashi ya bayar ba, yana da rabo ne a wata kadara, abin da yake karɓa haya ce ko ribar ciniki. Matsalar ita ce sukuk ɗin da ake sayarwa a kasuwannin duniya galibi daga dala 200,000 ake fara saye. Sai an tara kuɗin dubban mutane an saya a dunƙule, sannan a yanka wa mai dala 100 nasa ɗan yanki. Sanin inda za a samo su, da wanda za a saya a hannunsa, da farashin da bai zama cuta ba, ilimi ne da ba a koyo a ajin kwamfuta.

Sai kuma aikin da na fi so a duk harkar, saboda sauƙinsa a takarda da wuyarsa a zuciya, wato daidaita rabo. A ce Malama Hauwa ta sa dala 1,000, aka raba mata: 600 hannayen jari, 300 sukuk, 100 zinare. Shekara ta yi kyau, hannayen jari suka tashi da kashi 30 cikin ɗari, suka koma 780. Jimilla yanzu 1,180, kuma hannayen jari sun cinye kashi 66 maimakon 60 da aka yi alkawari. Haɗarin da take ɗauke da shi ya ƙaru ba da saninta ba. Manhaja za ta sayar da na dala 72, ta ƙara 54 a sukuk, 18 a zinare, rabon ya koma yadda yake. In kasuwa ta faɗi kuma, sai ta yi akasin haka, ta sayi abin da kowa ke gudu. Ɗan Adam da wuya ya iya wannan. Abin da ke tashi shi yake so ya ƙara, abin da ya faɗi shi yake so ya yar. Tsohon ma'aikacin ya ga attajirai masu digiri suna wannan kuskure a gabansa shekara da shekaru, shi ya sa ya san cewa wannan hukunci gara a damƙa shi ga abin da ba shi da gaba balle ta faɗi.

Duk wannan fuskar gida ce. Bayan gidan, inda ba a ɗaukar hoto, shi ne lasisi da ajiya. Kamfanin kirki ba ya riƙe kuɗin mutane a aljihunsa. Kadarorin suna wurin wani kamfanin ajiya mai rajista, da sunan masu su, ta yadda ko manhajar ta mutu dukiyar tana nan. Kowace ƙasa kuma da hukumarta da sharuɗɗanta. Wahed ya shiga Birtaniya a 2018, ya sami lasisin hukumar kasuwar jari ta Malesiya a 2019, kowanne da nasa tulin takardu. Matashin da ya iya rubuta manhaja kawai yakan ɗauki wannan ɓata lokaci ne. Wanda ya fito daga banki ya san nan ne ran sana'ar.

Sanin ma ba ya hana zamewa. A Fabrairun 2022 hukumar SEC ta Amurka ta ci Wahed tarar dala 300,000. Cikin abin da ta same shi da shi: ya tallata wasu asusu nasa na kansa tun ba su wanzu ba, ya yi wa abokan ciniki alkawarin daidaita musu rabo lokaci-lokaci bai yi ba, ya zuba kuɗinsu a sabon asusunsa ba tare da ya fara bayyana musu cewa yana da moriya a ciki ba, kuma ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta tabbatar da bin Shari'a a kai a kai. Kamfanin ya amince ya biya ba tare da ya amsa ko ya musanta ba, ya kuma karɓi mai sa ido daga waje. Ban kawo wannan don rage masa daraja ba. Na kawo ne don a ga inda igiyar takan tsinke: ba a wajen basira ba, a wajen cika ƙaramin alkawari kullum, lokacin da kamfani ke sauri ma'aikata kuma ba su da yawa. Wanda ya ɗauki sunan addini ya ɗora a kan hajarsa kuwa, awonsa ya fi na kowa tsanani, kuma daidai ne.

To ina ribar mai kamfani? A nan ne barin albashi yake nuna haƙoransa. Betterment ya yi suna da karɓar kashi 0.25 cikin ɗari a shekara. A irin wannan lada, mai dala 5,000 dala 12.50 zai biya, shekara guda cur. Kamfanin da ke kashe dala miliyan 10 a shekara kan albashi da lauyoyi da talla, sai ya tara dukiyar mutane ta dala biliyan 4 kafin ya mayar da abin da ya kashe. Tsakanin ranar buɗewa da wannan rana akwai shekaru na cin jarin wasu. Nutmeg ya tara abokan ciniki sama da 140,000 da dukiyar da ta haura fam biliyan 3.5, amma asara yake bayyanawa shekara bayan shekara har bankin JPMorgan Chase ya saye shi a 2021. A ƙarshe gidan da aka fito don a yi gasa da shi, shi ya buɗe baki ya haɗiye. Hungerford kansa bai daɗe ba bayan haka, ciwon daji ya ɗauke shi a 2023 yana da shekara 43. Manyan ma ba su zauna kallo ba: tun 2015 Charles Schwab da Vanguard suka fito da nasu irin wannan tsari.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma duk mai shirin ajiye aiki zai ji wannan daga bakin iyaye da matar gida. Ba su yi ƙarya ba. Wanda ya yi nasara a cikinsu shi ne wanda ya yi wa kansa lissafin da yake yi wa abokan ciniki: wata nawa zan iya ba albashi, wa zai zuba jari, me zan ba shi. Wahed ya sami dala miliyan 25 a 2020, a zagayen da reshen zuba jari na kamfanin man Saudiyya, Aramco, ya jagoranta. Ya kuma gane cewa amana ba ta shiga ta waya kaɗai. Ya jawo fitattun 'yan wasa Khabib Nurmagomedov da Paul Pogba su zama fuskarsa, a farkon 2023 kuma ya buɗe ofishi a titin Baker na Landan, inda mutum zai shiga ya ga ɗan Adam. Kamfanin da aka gina don a daina zuwa ofis, ga shi ya kama hayar ofis. Ni ban ga abin dariya a nan ba. Sanin halin mutanenka ne.

Mu ma a gida ba baƙin wannan labari ba ne. Hajiya Hajara Adeola ta bar aikin manyan cibiyoyin kuɗi, har da na Landan, ta kafa Lotus Capital a Legas a 2004, kamfanin zuba jari marar kuɗin ruwa, tun ba a fara maganar manhaja ba. Razaq Ahmed, wanda ya yi aikin nazarin zuba jari a Meristem ya kuma yi aiki a Shell, ya haɗu da Edward Popoola suka kafa Cowrywise a 2017, inda mai ƙaramin ƙarfi ke sayen rabo a asusun haɗaka ta waya, har da na halal. Kayan aikin ma sun samu: a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000, kuma duk mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan. Darasin lasisi kuma an sha shi da zafi a 2021, lokacin da hukumar SEC ta Najeriya ta ja kunne kan manhajojin da ke sayar da hannayen jarin waje ba rajista, daga baya Babban Banki ya samo umarnin kotu na rufe asusun wasu daga cikinsu na wani lokaci.

Abin takaicin shi ne wayar da ke kawo gwani ita ke kawo ɓarawo, kuma ɓarawon ya fi iya ado. Damfarar MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, ta CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Mai sana'ar gaske zai gaya maka kana iya yin asara, ya gaya maka ladansa, ya gaya maka wa ke riƙe da kuɗinka. Wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ko ya rantse da me, bai taɓa zama ya yi lissafin dala 72 ɗin nan ba.

Kafin ka tura ko sisi a kowace manhaja, ɗan'uwa, shiga shafin hukumar SEC ta Najeriya ka nemi sunan kamfanin a jerin masu rajista. Dubawar kyauta ce. In ba ka gan shi ba, riƙe kuɗinka.